Na Tsinci Fadamar Haɗejiya a Shagon Firem

Labule na je saye, wallahi. Gara in faɗi haka tun da wuri, kada wani ya ce na taso takanas ta Kano daga Haɗejiya don neman zanen Bature. Bikin autar gidanmu saura sati uku, kayan jere duk a kaina, tun hantsi nake zagaye kasuwar Sabon Gari da 'yar takarda a hannu: labule, kafet, agogon bango, sai "ɗan abin ratayawa a falo", yadda Inna ta sa aka rubuta. Wannan na ƙarshen ne ya kai ni wani shagon firem a cikin lungu, ƙafafuna sun yi tsami, kaina na sarawa.

Kun san irin shagunan. Ayatul Kursiyyu da ruwan zinare, hoton Ka'aba manya da ƙanana, ruwa mai gangarowa daga dutse wanda ake jona wa wuta ya riƙa walƙiya, dogayen benayen Dubai. Ina cikin ɗaga wannan in ajiye wancan sai hannuna ya kai kan wani da aka jingine can baya, ya sha ƙura. Na goge shi da gefen mayafi, na kusanto da fuska. Ban ga komai ba. Dabbare-dabbaren shuɗi da kore ne kawai, da ɗigo-ɗigon ruwan hoda, kamar yaro ya samu ragowar fenti bayan masu aiki sun tashi.

Na ce, "Malam, wannan ruwa ne ya taɓa shi?"

Ya ce, "Haka ya zo, Hajiya. Ya fi shekara a nan, ko tayawa ba a yi ba."

Sai wayata ta yi ƙara. Inna ce. Sabis ba ƙarfi a cikin shagon, na fita bakin ƙofa ina "Na'am, Inna, ina jin ki," tana tambaya ko na samu labulen mai ruwan zuma. Na juyo in ce wa yaron shago ya kula mini da leda, idona ya faɗa kan firem ɗin nan daga nesa.

Jama'a, ruwa na gani! Ruwa kwance, mai sanyi, ganyen bado shimfiɗe a kansa rukuni-rukuni, na kusa manya, na nesa suna ƙanƙancewa, sararin sama da inuwar itatuwa duk sun faɗo ciki. Ba gaɓa, ba kwalekwale, ba mutum. Amma na san wurin, na san shi kamar yunwar cikina. Fadamar bayan garin kakanninmu ce ta wajen Kiri Kasamma, inda muke tattare zani mu shiga tsinkar bado muna yara, a dawo gida a sha faɗa. Inna na ta "Kina ji na kuwa?" ni kuwa bakina a buɗe.

Na koma ciki, na matsa kusa: fenti. Na ja da baya taku biyar: ruwa. Na yi haka ya fi sau uku, mai shago yana bi na da ido kamar ya ga sabon kamu. A kusurwar ƙasa akwai sa hannu da shekara: Claude Monet, 1906.

Shekarar ce ta fara tsayar da ni. Wane ɗan Haɗejiya ne bai san 1906 ba? A shekarar ne sojojin Turawan Ingila suka shigo garinmu, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya kwanta dama tare da ɗimbin mutanensa, shi ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada. Ashe a daidai shekarar nan wani dattijo mai shekara 65 yana zaune bakin kududdufi a wani ƙauyen Faransa, ba abin da ya sa a gaba sai kallon bado. Na biya ko ciniki ban yi ba, abin da ban taɓa yi a Sabon Gari ba.

A mota na rungume firem ɗin a cinya, na buɗe waya. Kafin mu kai Gujungu na san ba a furta harafin ƙarshe na sunan, "Mone" ake cewa. Kafin mu shiga Haɗejiya caji ya kusa ƙarewa, ni kuwa ban ƙoshi ba. Daren nan ban runtsa ba sai bayan ƙarfe biyu.

An haife shi a birnin Faris ranar 14 ga Nuwamba 1840, ya tashi a Le Havre, garin bakin teku, mahaifinsa ɗan kasuwa. Yana saurayi sana'arsa zanen barkwanci, ya zana manyan gari da ƙaton kai da ɗan jiki ya sayar. Kun san inda ake baje zanen nasa? A shagon firem! Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. A nan ya haɗu da wani mai zane, Eugène Boudin, wanda ya yi ta jan sa har ya fito da shi waje, ya ce ya bar ɗaki ya zo ya zana teku da gajimare yana kallon su ido da ido. A lokacin ba a saba da haka ba. Manyan masu zane a ɗaki suke aiki, suna zana sarakuna da yaƙe-yaƙe, su goge aikin sumul har ba a ganin sawun buroshi. Abin da ya sauƙaƙa fita daji da kayan zane kuwa ɗan ƙaramin abu ne: a 1841 wani Ba'amurke, John Rand, ya ƙirƙiro fenti a cikin ɗan bututun ƙarfe mai matsewa, irin na man goge baki, a zuba a jaka a tafi.

Har Afirka ya zo. A 1861 aka ɗauke shi soja aka tura shi Aljeriya, ciwo ya mayar da shi gida a 1862. Ba zan yi masa ado ba, sojan mamaya ne kamar waɗanda suka zo mana. Amma daga baya shi da bakinsa ya ce haske da launukan da ya gani a can ne suka shuka abin da ya yi ta nema tsawon ransa.

Ya sha talauci, ya yi ta rubuta wa abokai wasiƙun rance. Yaƙin Faransa da Jamusawa ya kore shi Landan a 1870. Matarsa Camille ta rasu a 1879 tana da shekara 32. Masu tantance zane na babban baje kolin gwamnati sun sha mayar masa da aikinsa, har a 1874 shi da abokansa, su Renoir da Pissarro da Degas da Sisley da wata mace, Berthe Morisot, suka yi zuciya suka buɗe nasu. A nan ya rataya wani zanen tashar jiragen ruwan Le Havre da asuba, hazo ya rufe komai, rana ja kamar garwashi. Ya sa masa suna da Faransanci, Impression, soleil levant, wato abin da ido ya fara kamawa a fitowar rana. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya yi masa ba'a, ya ce takardar da ake manna wa bango ma ta fi wannan kammaluwa, ya laƙaba musu "masu Impression". Sunan tsokana kuwa kun san halinsa, ya bi su har kabari. Na ji kunya ta kama ni, don abin da ɗan jaridar nan ya faɗa shi na faɗa wa mai shago shekara 150 bayansa.

To mene ne sirrin da ya sa fenti ya koma ruwa idan an ja da baya? Sai da na tuna rigar saƙin Baba sannan na gane. Masaƙi ba ya rina zare ruwan zabuwa. Baƙin shuni yake sawa kusa da fari, siriri-siriri, idon mai kallo ne ke gauraya su daga nesa. Haka Monet yake yi da buroshi. Maimakon ya dama launuka su zama ɗaya ya shafe, sai ya ɗiga shuɗi nan, kore kusa da shi, shanshanbale a gefe, ya bar wa ido sauran aikin. Shi ya sa ruwan yake kamar yana motsi. Inuwa ma ba ya yi mata baƙi, sai ya ba ta shuɗi ko shanshanbale, don a cewarsu haka take in an duba da kyau. A raina na ce wannan kam sai na gani.

Abin da ya fi tafiya da ni shi ne na tsibin alkama. Tsakanin 1890 da 1891 ya samu tsibin damman hatsi a gonar maƙwabcinsa, irin yadda ake tara dami a gonakinmu da kaka kafin a kai rumbu, ya zana su kusan sau 25. Abu ɗaya! Yakan fita da allunan zane da yawa, ya yi aiki a kan wannan, da haske ya sauya ya ajiye ya ɗauki wancan, gobe war haka ya dawo kan na farko. Bature ya ga abin mamaki ne, mu kuwa harshenmu ya riga ya yanka yini gunduwa-gunduwa: asuba, sassafe, hantsi, walaha, rana tsaka, la'asar, la'asar sakaliya, almuru. Kowanne da irin haskensa, in ba haka ba me zai sa a ba shi suna? Mun raɗa sunayen muka wuce, shi ya tsaya ya zana su. A 2019 an sayar da ɗaya daga cikin tsibin nan a kan dala miliyan 110 da ɗoriya. Na gaya wa Baba, ya ce, "Da alkamar a ciki?"

Sai maganar bado. A 1883 ya koma ƙauyen Giverny, da kuɗi suka zauna ya sayi gidan, a 1893 ya ƙara sayen fili, ya jawo ruwa daga wani reshen kogin Epte ya haƙa kududdufi. Mutanen ƙauyen suka tada ƙayar baya, suka ce baƙin tsirrai za su ɓata musu ruwan dabbobi da na wanki. Ya bi ta hukuma har aka ba shi izini. Da kuɗinsa ya sayo irin bado daga masu renon furanni, ya ɗauki ma'aikatan lambu, har da wanda aikinsa ya shiga kwalekwale da safe ya wanke wa ganyen bado ƙura kafin maigida ya fito. Bado fa! Wanda yaranmu ke ɓarewa su ci 'ya'yansa, wanda kakata ta ce a shekarun yunwa shi aka daka aka tsira. Kusan shekara talatin ya yi yana zana kududdufin nan, zane wajen 250. Wanda na saya kwafin ɗaya ne daga ciki, na ainihin yana gidan adana zane na birnin Shikago a Amurka.

Washegari na ɗauki firem ɗin na kai wa Kawu, ƙanen Inna, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan gora da koma. Yanzu yana ta fama da yanar ido. Na jingine shi a jikin zaure, na ce, "Kawu, me ka gani?"

Ya daɗe shiru. Sannan ya ce, "Ruwan nan kwance yake, ba ya gudu. Ba zai wuce ƙirji ba. Akwai karfasa a ƙarƙashin ganyen can." Ya ƙara ƙura ido. "Amma badon ba namu ba ne. Namu fari ne, da dare yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Wannan a buɗe yake da rana." Gaskiyarsa ce, irin na Monet da rana suke buɗewa. Na gaya masa shi ma mai zanen yanar ido ta kama shi, likita ya tabbatar a 1912, sai 1923 ya yarda aka yi masa aiki, kuma a tsakani bai ajiye buroshi ba, sai dai launukan sun rikiɗe sun koma ja da ruwan ƙasa. Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ashe ɗan'uwana ne."

Sai ya yi tambayar da ta sanyaya mini jiki: "'Yar nan, su can ba su da kacala?"

Babu ko tsinke ɗaya a zanen. Nan Kawu ya ɓalle da labari. A da, in ji shi, ruwa yakan zo da damina ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe, a shuka, a kama kifi a ragowar tafkuna. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 sai ruwan ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa, kacala ta samu gidan zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan baki masu cinye shinkafa, in ruwa ya zo da ƙarfi kuma ya rasa hanya ya faɗa gari, kamar yadda muka gani a 2022. Ya lissafa mini tafkuna uku da ya sani da bado fal, yanzu ko kwalekwale ba ya ratsa su.

Na ce sai na je. Ranar Asabar, bayan sallar asuba, ɗan Kawu ya ɗauke ni a babur muka nufi fadama, muka ari kwalekwale. Kaka ce, sanyi ya fara busowa. Muka kutsa ta wata 'yar hanya da masunta suka sare a cikin kacala, ta fi tsayin mutum, tana karce mini hannu, can sai wuri ya buɗe.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Da farko ruwan toka-toka ne, kamar kwanon silba da ba a wanke ba. Fararen furannin bado a buɗe, ɗaruruwa, suna haske tun rana ba ta fito ba. Sai gabas ta yi ja, jan ya sauko ya kwanta a kan ruwa, kowane ganye ya samu bakin zinare. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, garken kirinjijiya ya tashi da fito. Na leƙa gefen kwalekwale don in kama Bature da ƙarya, na duba inuwarmu. Shuɗiya ce! Shuɗi mai duhu da ɗan shanshanbale a gefe, tana rawa. Na ɗauki hoto da waya, bayan minti goma na sake ɗauka a wuri ɗaya, ka rantse tafki biyu ne. Kafin hantsi ya dubi ludayi ruwan ya koma kore, goruba da gajimare sun kife a ciki, furannin sun fara tsuke baki. Shekarata talatin da 'yan kai ina wuce fadamar nan, abin da nake gani kifi ne da shinkafa da sauro. Ɗan Kawu ya ce, "Anti, kuka kike yi?" Na ce iska ce.

Kuma fa duniya ta san da wurin nan, mu ne muka raina. Tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su tsallake Sahara su yi hunturu a dausayin Haɗejiya da Nguru. Dajin Baturiya yana cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kare tun 2008.

Ranar jere aka kai ruwa rana. Gwaggo ta ɗaga firem ɗin ta juya shi sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ina ne kansa?" Wata ta ce a kai shi kicin. Wata kuma ta kawo maganar da ta fi nauyi, ta ce hoto a ɗakin amarya yana hana mala'iku shiga. Na ce Gwaggo ku duba, ba mutum, ba dabba, ba tsuntsu. Abin da aka ruwaito daga Ibn Abbas shi ne ya ba wani mai sana'ar zane shawarar ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Nan aka sauko. A ganina wannan ne ma ya sa zanen ruwa da gona da sararin sama ya dace da gidan Bahaushe fiye da yadda muke zato. Sai dai mai saye ya duba, don Monet ya zana mutane a wasu ayyukansa, musamman na farko.

Sai rigimar wurin ratayawa. Mu dai mun saba kai firem can kusa da silin, kamar muna ɓoye wa yara. Na hana. Irin wannan zanen daidai ido yake so, kuma tunda a falonmu rabin zaman a kan kafet ake yi, gara ya ɗan sauko. Yana son fili a gabansa, taku huɗu ko biyar, don haka bangon da ke fuskantar ƙofa muka ba shi, mai shigowa ya fara ganin ruwa kafin ya ga fenti. Muka kauce wa inda rana ke dukan bango, don tana cinye launi, gilashin kuma ya riƙa ƙyalli. Agogo da kalanda da furannin roba duk na kwashe su daga gefensa. Labulen ruwan zumar Inna kuwa sai ya zauna da shuɗin kamar tare aka yi su. Shi kansa Monet ba mai tsoron launi ba ne a gida: ɗakin cin abincinsa rawaya ne tun daga bango har kujeru, kicin shuɗi, bangaye cike da zanen Japan da ya tara. Da ya ga jeren kwalla da fanteka na iyayenmu, launi kan launi har rufi, ina jin da ya nemi kujera.

A ƙarshen rayuwarsa ma ɗaki ya yi wa ado. Da aka tsagaita Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, ya yi wa ƙasarsa kyautar manyan zanen bado ta hannun abokinsa Georges Clemenceau, firaministan lokacin. Tsayinsu mita biyu, in an jera su sun kai mita 90, an zagaye ɗakuna biyu masu siffar ƙwai da su a gidan Orangerie da ke Faris, mutum ya tsaya a tsakiya ruwa ya kewaye shi. Bai ga buɗewar ba. Ya rasu ranar 5 ga Disamba 1926 yana da shekara 86, aka buɗe a 1927.

Da la'asar, bayan an watse, na ga Gwaggo ta dawo falon ita kaɗai ɗaukar mayafinta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe. Sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ikon Allah, bado ne."

Firem ɗin yana ɗakin auta. Wanda ke son irinsa ba sai ya je Sabon Gari ba: zanen ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, gidan adana zanen Shikago ya sa hotonsa a intanet kyauta, a sauke a kai wa masu buga hoto, kafinta ya yi firem. Ni dai ban buga nawa ba. Na kafa ƙusa a bangon falona na bar ta haka, don badon da nake so fari ne, mai buɗewa da dare, da goruba a kife cikin ruwa. Matasanmu masu zanen allon shago da bayan manyan motoci, da ɗaliban da ke karanta zane a manyan makarantu, don Allah waninku ya ɗauki fenti ya tafi Baturiya da asuba tun kacala ba ta rufe sauran ba. Ya zano, ni zan saya.